Indararon Ɗakin Ladi

Malam Tanimu, a faɗi gaskiya, bai taɓa kafa ƙusa ta shiga a miƙe ba. Amma ranar da masu shata iyaka za su iso Tudun Maƙera, tun da sassafe yana kan soro yana kokawa da indararo.

Sabuwar dokar ba ta da wuyar ganewa: kogin da ruwan rufinka ke gangara masa, can ce ƙasarka. Gidansa kuwa a ƙoƙuwar tudu yake. Ɗakinsa yana zuba gabas, na matarsa Ladi yana zuba yamma. In aka ja layi a tsakani, sai da takardar izini zai ci tuwonta.

Da suka iso, wata ma'aikaciya daga cikinsu ta hau tsani da butarta. Ta dubi yaɓen da ko bushewa bai yi ba.

"Baba, yaushe aka juya wannan?"

"Tun zamanin kakana yake haka, 'yata."

"Malam, ka dai wanke lakar hannunka tukuna," in ji Ladi daga gindin murhu.

Aka tsiyaya ruwa. Ruwan ya ɗan yi jim, sannan ya bi tsohuwar hanyarsa, yamma. Malam Tanimu ya sunkuyar da kai.

Ma'aikaciyar ta dubi tsofaffin biyu. Ta kara tafin hannunta ta tare hanyar yamma, ta sake tsiyayawa, ruwa ya juya gabas, ta rubuta.

Shekara goma sha ɗaya rabon Tudun Maƙera da ruwan sama.