Tokar da ke Randata

Ni Barau ban taɓa zama a aji ba, amma yunwa uku na gani, duk na ga bayansu. Tun da aka bar siminti aka koma gini da tokar itace, doka ta ce tokar kowane murhu ta hukuma ce. Duk Laraba mota ke zuwa ta kwashe.

Yau Hashimu mai karɓar toka ya leƙa zaurena, ya hango randa.

"Baba, tokar nan fa? Ai ta kai tiya huɗu."

"Irin wakena ke kwance a ciki. In ka kwashe tokar, ƙwari za su cinye shi kafin ruwan farko."

"Asibiti ake ginawa, Baba."

"To, majinyatan bango za su ci? Na ba ku tokar murhuna, kukar ƙofar gidana ma kun ƙone ta. Wannan kam sai dai ka haɗa da ni."

Na haye murfin randar na zauna. Shekara tamanin da ɗaya, ko nishi ban yi ba!

Hashimu ya duba takardarsa. Da ya ga direban motar ya yi nisa, sai ya rage murya.

"Baba, a unguwarmu duk wanda ya miƙa tokarsa, irinsa ya zama gari. Ko za ka sam min kaɗan?"

Na zuba masa irin waken tafi biyu a aljihu, har da tokar.

Na ce, "Rubuta, gidan Barau babu toka."

Ya rubuta.