Faifan da Cleophus Ya Ɓoye

Cleophus Tarver yana cikin juya tarwaɗa a tafasasshen mai a bayan coci, sai ya hango matarsa Earline ta fito daga mota rungume da faya-fayan garmahonsa. Saura kaɗan cokalin ya suɓuce masa.

Na saman shi ne matsalar. Kwalinsa na waƙoƙin yabo ne, har da hoton mawaƙan coci cikin fararen riguna, amma abin da ke ciki daban. Faifan Dessa Rue ne mai suna Jan Takalmi, buluz zalla, kiɗan da a garinmu na Mississippi ake kira na Shaiɗan ranar Lahadi, a kuma saurare shi a ɓoye sauran ranakun mako. Kowane magidanci ya san dabarar sauya kwali. Cleophus dai bai taɓa zaton za a kwaso nasa a kawo coci ba.

Tun yana saurayi ya sayi faifan. Bai taɓa ganin fuskar mawaƙiyar ba, domin a kwalin asali ba abin da aka saka sai ƙafa cikin jan takalmi a gindin fiyano. Faifai ɗaya ta yi a Chicago ta ɓace. Amma muryar nan ta zauna masa a zuciya, da hannun hagunta mai dukan fiyano kamar tana sussukar masara, da wani dogon tsaki da ta ja wa wani kafin waƙa ta uku. Ita wannan ta ukun ya saurare ta har allurar garmaho ta cinye ta. In za a faɗi gaskiya, son matar yake yi, ko da yake bai taɓa gaya wa ko da karensa ba.

Ga shi yau ake walimar karrama surukarsa, Mama Ozella, wadda ta tsufa a kan fiyanon cocin. Ƙuruciyarta a Chicago ta yi ta tana gugar rigunan mutane, in ji ta, sannan ta dawo gida ta riƙe addini da hannu biyu. Mai gyaran fiyano ya gaji da sauya mata wayoyin ɓangaren hagu. Ta taɓa sa an sauke wani dattijon coci don an ji shi yana fiton buluz a kan taraktarsa. Shi kuwa Cleophus da kyar ya sami kujerar dattijo a bana, kuma har yanzu in ya gaishe ta, da tsaki take fara amsawa.

“Fasto ya ce a kawo tsofaffin waƙoƙin yabo a sa wa Mama,” in ji Earline. “Me ya sa kake gumi haka?”

“Wutar nan ce.”

Ya bar kifin a wuta ya bi ta zuwa zauren walima. Yana miƙa hannu zai zare kwalin, sai wata ’yar’uwa ta ɗora masa farantin burodin masara ta ce ya zagaya da shi. Da ya dawo, an ce kifi na ƙonewa. Ya ruga, ya kwashe, ya sake dawowa yana haki, sai ya tarar Fasto Whitlow ya baje faya-fayan a gaban Mama don ta zaɓa da kanta.

Ta bi su da ido ɗaya bayan ɗaya. Ta ɗauki wancan mai hoton fararen riguna, ta zaro faifan kaɗan, ta dubi tambarin tsakiyarsa, ta mayar.

“Sa wannan, yaro.”

Cleophus ya nemi kujera ya zauna.

Allura ta sauka. Hannun hagun nan ya fara aikinsa, sannan muryar ta shigo tana ba da labarin wani mutum da ya tafi sayen taba tun bara. Cokula suka tsaya a hanyar baki. A ƙarƙashin tebura kuwa ƙafafun dattawa sun ci amanar masu su, sai buga ƙasa suke yi, har wani tsoho ya rera baitin gaba tun mawaƙiyar ba ta kai wurin ba, matarsa ta zungure shi.

Fasto ya yi wuf zai ɗage allurar. Mama ta ɗaga maficinta, ya janye hannu. Ta zauna fuska a murtuke har waƙa ta biyu ta ƙare. Aka ji tsakin nan, aka shiga ta uku, sai allura ta faɗa ramin da Cleophus ya haƙa mata, ta yi ta maimaita kalma ɗaya har Earline ta tashi ta kashe garmahon.

Cleophus ya miƙe. Kujerar dattijo dai ta tafi, gara ya sauka da mutuncinsa.

“Mama, nawa ne. Earline ba ta san komai ba. Ni na sa shi a kwalin nan.”

Mama Ozella ta dube shi daga sama har ƙasa, ta ja tsaki mai tsawo. Wannan karon ya gane tsakin, don yanzun nan ya ji irinsa a faifan.

“Zo ka kama ni ka kai ni wajen fiyano, sakarai,” in ji ta. “Ga shi ka cinye mini waƙa ta uku da allurarka, ita kaɗai ce kuwa mai gangan nan bai ɓata mini ba ranar da muka ɗauki faifan a Chicago.”