Gangar da Aka Kai Ƙofar Munzali

Sati uku ke nan Munzali na zaune a zauren gidansa a Birnin Gwari, gwiwarsa ta dama a naɗe. Shi ne ɗan kokawar nan haifaffen Kutemeshi, wanda ya ciyo wa ƙasa kambu har sau biyu a gasar ƙasashen maƙwabta. Wajen atisaye jijiyar gwiwar ta yage. Likita ya ce wata huɗu kada ya kuskura ya shiga fili, in ba haka ba ƙafar ba za ta ƙara moruwa ba.

Gasar bana kuwa saura kwana goma. Da aka ji ba zai je ba, sai ƙasa ta ɗauka. A rediyo ana ta bugo waya daga garuruwan da ko hanyar Birnin Gwari ba su sani ba, wai ya ci amanar ƙasa. A Fesbuk aka ɗaura wa hotonsa ɗankwali. Masu wannan aikin fa, jama'a, yawancinsu ko rabin buhun masara ba za su iya cicciɓa ba.

Jagoransu a nan gida shi ne Abdulbaƙi mai cajin waya a bakin tasha, wani mai tumbi da ko ɗan akuya bai taɓa kayarwa ba.

"Wace irin gwiwa kuma?" in ji shi. "Tsoro ne kawai! Ni da idona na gan shi ya taka zuwa masallaci."

Munzali ya toshe kunnensa. Da suka ga zagi bai tayar da shi ba, ranar kasuwa da hantsi suka ɗauko Auta makaɗi, tsohon da ya yi wa mahaifin Munzali kiɗa a zamaninsa, suka tsayar da shi a ƙofar gidan. Sun san abin da suke yi sarai. A al'adar 'yan kokawa, wanda aka buga takensa ya ci gaba da zama, ya zubar da sunansa da na gidansu.

Ganga ta ɗauka. Jikin Munzali ya hau tsuma.

Matarsa Bushira ta fito da gudu ta riƙe masa riga. "Baban Ummi, don girman Allah ka zauna. Ganga ba ta ɗinke jijiya."

"Taken babana ne suke bugawa, Bushira, a gaban duk unguwa," ya ce da ita. "In na zauna, da wane ido zan dubi mutane?"

Ya warware naɗin ya miƙe. Aka ɓarke da ihu, Abdulbaƙi har da tsalle.

Karon farko a gasar, ko minti ba a yi ba abokin karawarsa ya harɗe masa ƙafar. Har 'yan kallo sun ji ƙarar gwiwar. A kwance aka fitar da shi daga fili.

Aiki biyu aka yi masa a Kaduna, amma ƙafar ta sanƙare, ba ta lanƙwasuwa. Yana da shekara ashirin da takwas. Kokawa ta ƙare, gonarsa ta Kutemeshi ta gagare shi, ko sujada ba ya iya yi sai dai ya yi salla a kan kujera.

Cikin masu ihun nan babu ko mutum ɗaya da ya leƙa asibiti. Ranar da aka dawo da shi gida, motar ta bi ta bakin tasha, Bushira ta ji muryar Abdulbaƙi da kunnenta.

"Wa ya aike shi? Mutum ya san ba shi da lafiya, ya je ya kunyata mu a idon duniya!"

Tir da irin wannan kishin ƙasa na fatar baki. Ɗan wasa mutum ne mai jini da jijiya, kuma shi kaɗai zai rayu da jikin nan bayan an watse. In likita ya ce ya huta, mu kama bakinmu mu bar shi ya warke.