Tayil Mai Muryar Tsaga

Ranar Litinin kumbon 'yan sama jannati ya dawo daga duniyar wata, ƙasansa ya yi baƙi ƙirin da ƙuna. Ran Juma'a zai sake tashi da mutum shida, har da Rakiya, 'yar farin Sallau.

Tun da aka kawo na'urar bincike, aikin Sallau ya koma wanki kawai. Amma shi jikan magina tukwane ne. Yana wanke tayil ɗin da ke tare wuta a ƙasan kumbon, yana ƙwanƙwasa kowanne da yatsa, kunnensa a kusa. Sai ɗaya ya amsa da muryar tukunya mai tsaga.

"Injiniya, zo ka ji wannan."

Injiniya Ɗahiru bai ko sunkuya ba. "Baba Sallau, na'ura ta ce lafiya lau. Nan ba kasuwar tukwane ba ce."

"Yarinyar nan fa za ta shiga."

"Na sani, Baba. Doka ta hana ni canza abin da bai lalace ba."

Sallau ya jinjina kai. Ya zaro guduma daga akwatin makanikai, ya yi bisimilla, ya rotsa tayil ɗin. Sannan ya cire katin aikinsa ya miƙa wa Injiniya Ɗahiru.

"To, yanzu ya lalace."