Gaisuwar Suruki a Bakin Ƙofa

Zauna, 'yar nan, tunda gobe za ki fara. Kin ce aikin ba wuya, wai zama ne kawai a gefen gadon yaro ana kallonsa. Uhm! Bari in ba ki misali.

Wata mata ce a asibitin yara, irin aikin nan naki take yi. A ba ta kujera kusa da yaron da ake tsoron ya ji wa kansa ciwo, ba ruwanta da allura ko magani, nata ido ne kawai. Ran nan aka ba ta tsaron wata ƙaramar yarinya da aka yi wa aiki a maƙogwaro, aka sa mata ɗan bututu da take numfashi ta cikinsa. Maganin barci yana sakinta, hannunta sai lalubar wuya yake. Ma'aikaciyar jinya ta ja wa matar kunne: in bututun nan ya fita, numfashi ya tsaya. Uwar yarinyar tun safe ba ta motsa ba, sai da aka kira azahar ta miƙe za ta je salla, ta ce wa matar, "Baiwar Allah, ga amana nan." Fitarta ke da wuya sai ga sallama a bakin ƙofa. Surukin mai tsaron ne, mahaifin mijinta, ya zo daga ƙauye duba jikan wani amininsa, aka ce masa ai matar ɗansa a ɗakin nan take aiki. Ga dattijo tsaye, ya dogara sanda yana jira. To, ke ma kin san yadda aka rene mu. Suruki na tsaye, ke kina kan kujera? Ai maganar sai ta riga ki isa gida. Matar ta dubi yarinya, ta ga ta lumshe ido, hannu a kan ciki. Da ta kira abokiyar aiki ta riƙe mata, da shi ke nan, amma ta ji kunyar a ce ta taso mutum don za ta gaida suruki. Sai ta ce a ranta, ai ga ƙofa ga gado, na durƙusa ina waiwaye.

Ta je ta durƙusa. Kin san gaisuwar manya ba a gutsure ta: ya gida, ya yara, ya gajiya, ya damina, ya masu jiki. Tana amsawa tana waige, tana amsawa tana waige, har tsoho ya haɗe rai. Da ta ga fuskarsa ta canza, sai ta sunkuyar da kai yadda ya kamata don ya sa mata albarka. A cikin sunkuyon nan ne fa. Ba kuka ta ji ba, mai bututu a wuya ba ta da muryar kuka. Ƙarar gado ta ji, ƙafa na dukan ƙarfe. Ta juyo, ga bututu a hannun yarinya, ido ya firfito, leɓe ya fara baƙi. Innalillahi! Ta kurma ihu, ma'aikata suka rugo, suka ture ta, suka ture tsohon ma, aka rufu a kan gado. Allah Ya sa da sauran kwana, amma sai da aka sake gudu da yarinya ɗakin tiyata. Uwar ta dawo da carbi a hannu, ta tarar da gado wayam. Ba ta zagi mai tsaron ba, wallahi da zagin ya fi sauƙi. Cewa kawai ta yi, "Ina kika je?" Matar ta nuna bakin ƙofa. Shi kuma tsoho da ya koma ƙauye, abin da ya faɗa shi ne matar ɗansa ta gaishe shi tana waige-waige kamar mara gaskiya.

Abin yana ba ni haushi, yana kuma ba ni tausayi. Ba ta tsare yarinya ba, ba ta kuma gamsar da suruki ba. Don haka gobe in kin hau kujerar nan, ko wa ya yi sallama, amsa masa idonki na kan gado. Ai Hausawa sun gama magana da suka ce taura biyu ba ta taunuwa.