Jirgin Albasa da Babban Zane

Tunda ka ce ka gaji, so kake ka gama ko ta halin ƙaƙa, bari in ba ka misalin wani mai jirgi. Ba zan ce ka huta ba, na san ba ji za ka yi ba.

Mutumin nan a wani tsibiri yake zaune cikin babban tafki, yana noman rani, yana kuma da jirgin katako mai dirka biyu, irin wanda iska ke turawa. Dirkar gaba doguwa ce, ita ake ɗaura wa babban zane, buhu goma sha biyu aka farke aka ɗinke wuri ɗaya. Ta baya gajera ce, zanenta buhu huɗu ne kacal. Masu wannan sana'a suna da ƙa'ida wadda ko jiya ka fara an gaya maka. In hadari ya haɗo, a sauke babban zane, a bar ƙaramin ya ja jirgi a hankali. Igiyar zane kuwa a hannu ake riƙe ta, in ma za a ɗaure sai dai zarge, wanda fizga ɗaya ke kwancewa. Mutumin ya san wannan kamar yunwar cikinsa, har wasu ya koya wa.

A ƙarshen bazara ya loda albasarsa, wahalar rani guda, shi da wansa suka nufi kasuwa a ƙetaren yamma. Suna yin nisa sai iska ta ɗauke cak. Kwana uku suna tura jirgi da gora, inda ruwa ya yi zurfi su koma filafili, rana na dukansu, zafi na dafa albasa. Tun a rana ta biyu ya fara jin wari daga buhunan ƙasa. Tafin hannunsa ya yi bororo, ya fashe, ya sake yin wani a kai. Ni dai yana ba ni tausayi, don wanda bai taɓa tura jirgi mai kaya ba sunan gajiya kawai ya sani. A rana ta uku bayan la'asar sai ga iska mai sanyi daga gabas, zannuwan nan biyu suka cika, jirgi ya zabura da kansa. Mutumin ya ajiye gora ya zauna, ya ji kamar an sauke masa dutse daga ƙeya. Amma da ya waiwaya sai ya ga gabas ta yi baƙi ƙirin, ya kuma san iskar nan 'yar aiken hadari ce. Wansa, wanda ke baya yana riƙe da akalar jirgin, ya ce masa ya sauke babban. Shi kuwa ya hango itatuwan kasuwa can gaba, ya tuna warin albasa, ya dubi hannuwansa. Ya ce, "Yaya, bari mu ci wannan iskar kaɗan. Kwana uku muna roƙon ta, yanzu ta zo kuma mu kore ta?" Wan ma a gajiye yake, sai ya ƙyale shi. Igiya ta fara cin raunin hannunsa, ya ɗaure ta da zarge, iska ta fizge. Sai ya ƙulle ta tam a jikin katako, ƙulli biyu, ya ce na ɗan lokaci ne.

Ɗan lokacin nan ne hadari bai ba shi ba. Guguwa ta iso tare da ruwan sama, ta daki babban zane, jirgi ya karkata har gefensa ya fara shan ruwa. Ya kai hannu ga ƙullin, igiya ta jiƙe ta kumbura, iska kuma na ƙara ɗame ta. Ya sa yatsu, ya sa haƙori, a banza. Wuƙarsa na can ƙarƙashin buhuna. Yana cikin lalube dirkar gaba ta karye daga gindi, ta faɗa baya, ta keta ƙaramin zanen da zai cece su. Jirgi ya juya ya ba igiyar ruwa gefe, ruwa na shiga fiye da yadda ƙwarya ke kwashewa. Wan ya ce, "Ko albasa ko mu." Da hannuwan nan nasa masu ciwo ya riƙa ɗaga buhunan da ya yi wata biyar yana ban ruwa dominsu, yana jefawa cikin tafki ɗaya bayan ɗaya, bai bar ko na miya ba.

Sun tsira da rai, iska ta watsa su cikin ciyayi nesa da hanya. Da hadarin ya lafa, daga nan ya hango wani jirgi da suka baro a baya tun da hantsi, ya naɗe babban zanensa, ƙaramin kawai ke jan sa, yana tafe kamar tsohuwa za ta unguwa. A gaban idonsa ya wuce da kayansa cif, ya shige mashigar kasuwa kafin magariba. Shi kuwa sai da ya ƙara kwana biyu yana tura jirgi da gora cikin ciyayin nan, babu zane babu kaya, don ya kai inda a da yake hango itatuwan kasuwa. Da ya isa, kasuwa ta watse tun jiya, ba shi ma da abin kasawa.

Shi ya sa Hausawa suka ce, sauri ya haifi nawa.