Ɗan Koli a Ƙofar Makoki

Da na dawo daga Legas na tarar an sare durumin ƙofar gidanmu, an mai da filin ƙwallonmu shaguna, tashar mota ma ta koma bayan gari. Ɗan yayata Kubura, Mujahid, da na bari yana rarrafe, sikila ta ɗauke shi bara. Tun daga nan Kubura ta buɗe shafi a intanet da sunansa, tana rubuta wa iyayen masu sikila abin da ta koya a gadon asibiti. Shi ne kaɗai abin da ke fito da ita daga ɗaki. Ranar Laraba wani kamfanin takalman yara ya aiko mata da saƙo: wai suna bin shafinta kullum, yana burge su, ta turo hoton Mujahid sanye da takalminsu su ba ta kyauta. Ta kife wayar, ta ce ita ta gama rubutu. Na san yadda ake wannan aiki a Legas: saƙo ɗaya ne, a canza suna a watsa wa duk mai shafi. Ina tsaye ina zage-zage sai Kawu Ɗanjuma, ƙanin mahaifiyarmu, ya ce, "Kai ɗan Legas, zauna ka ji."

Ya ce wani ɗan koli ne ya shigo gari da rana tsaka, kaya a ka, sauri yake ya gama unguwannin kafin la'asar. Ya hango tabarmi shimfiɗe a ƙofar wani gida, maza zaune, mata na shiga da fita. Ga mai shayi a bakin hanya, ga yara na wasa, bai tsaya ya tambayi kowa ba. A ransa ya ce suna ake yi, kasuwa ta faɗi. Ya sauke kaya a tsakiyar mutane, ya baje hulunan jarirai da 'yan riguna, ya ɗaga kacau-kacau yana kaɗawa, yana cewa Allah ya raya, ina angon ƙarni. Jaririn kuwa da safiyar nan aka kai shi makwancinsa. Babu wanda ya ɗaga masa hannu. Uban ya tashi, ya tattara kayan da kansa, ya ɗora masa a ka. Amma ƙarar kacau-kacau ta riga ta shiga cikin gida, uwar ta ji. Kafin ya kai lungu na gaba labari ya riga shi, duk gidan da ya yi sallama sai a ce masa ba kowa. Ya fita daga garin yana faɗa wa duk wanda ya gamu da shi cewa mutanen nan marowata ne.

Na ce to, Kawu, ai sai a gaya masa. Ya ce wa zai gaya wa mutumin da ba ya tsayawa?

Yaya Kubura ba ta sake taɓa shafin ba. Jiya wata mata daga Gumel ta rubuto tana tambayar abin da za ta yi wa ɗanta da ƙafa ta kumbura, saƙon na nan ba amsa. Ni kuwa na ninke kayana, motar Legas ta safe zan bi. Can wani yaro mai kwamfuta, irin masu watsa saƙon nan, yana jiran amsa, yana cewa masu shafukan Arewa ba sa amsa saƙo, girman kai ya yi musu yawa. Gaskiyar Hausawa ne: rashin sani ya fi dare duhu.